Ƙarfen Sabis a Kaduna: Yadda Ake Riƙe Tasha Kada Ta Faɗi, da Inda Kuɗin Ke Zurarewa

Idan sabis ya ɗauke a Rigasa ko Sabon Tasha, jama'a sama suke ɗaga kai su kalli eriya. Wanda ya san aikin kuwa ƙasa yake fara dubawa: tankin mai, akwatin batir, da layin da ya haɗa tashar da sauran 'yan'uwanta. Na'urorin rediyo da ke rataye a saman ƙarfe ba su cika lalacewa ba. Abin da ya fi kayar da tasha a ƙasar nan wuta ce, sai yankewar layi, rediyo na biye daga nesa. Wannan bayani na injiniyan da aka damƙa wa rukunin tashoshi ne, da ɗan kwangilar da ke neman aikin kula da su ko kai musu mai, har da mai filin da ake son kafa ƙarfe a wurinsa.

Fara sanin wa ke da me

Tun wajajen 2014, da MTN da Airtel suka sayar da dubban hasumiyoyinsu ga IHS da American Tower, tasha ɗaya ta zama ta mutum uku. Kamfanin hasumiya ke da ƙarfen, janareta, batir da gadi. Kamfanin waya ke da eriya, rediyo da layin sadarwa, yana biyan haya. Ɗan kwangila kuma shi ne ƙafar da ke zuwa wurin. Kafin ka taɓa komai ka san na wane ne, domin taɓa kayan da ba naka ba, ko da ka gyara daidai, yana iya jawo maka tara.

Abin da ake auna ku da shi duka shi ne tsawon lokacin da tasha ta yi a raye. Idan yarjejeniya ta ce kashi 99.9 cikin 100, minti 43 kacal aka yafe maka a wata. Kashi 99.5 ya ba ka awa 3 da minti 36. Daga Kawo zuwa Barnawa kana iya isa cikin wannan lokaci idan hanya ba cunkoso. Tashar da ke hanyar Birnin Gwari ko cikin Kajuru kuwa, kafin ka samu izinin tafiya da 'yan rakiya, rabonka na wata ya ƙare. Shi ya sa tashar nesa dole a shirya ta ta riƙe kanta har a iso.

Batir: auna kafin ka saya

Kayan tasha da wutar DC, wato irin wutar batir, mai volt 48 suke aiki. Rektifaya ce ke karɓar wutar janareta ko ta NEPA ta mayar da ita DC, ta ciyar da kaya, ta kuma cika batir a lokaci guda. Kada ka dogara da lissafin da ke kan takardar girka tasha. Bayan girkawa an ƙara 4G, an shigo da ɗan haya na biyu, ba wanda ya koma ya gyara takardar. Ɗauki mita ka auna amfiya a babban layin DC tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, lokacin da kowa ke kan waya. Idan ka ga amfiya 56, ka ninka da volt 53.5, lodinka kilowat 3 ke nan.

A ce kana son batir ya riƙe wannan lodi awa 8. Kana buƙatar yunit 24, wato kilowat 3 sau awa 8. Batirin litiyom mai volt 48 da 100Ah (Ah ma'aunin cikin batir ne, amfiya sau awa) yana ɗaukar kusan yunit 4.8, amma kashi 80 kawai ake zuƙewa idan ana son ya daɗe. Guda 7 ke nan. Idan batirin dalma ne, rabi kawai ake zuƙewa, don haka sai ka tanadi 1,000Ah: jeri 5 na batir mai volt 12 da 200Ah, kowane jeri guda 4, jimilla 20. Kuɗin farko na dalma ya fi sauƙi, amma zafi ke cinye shi. An ƙera shi ne don digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu. A Maris da Afrilu, lokacin da iskar Kaduna kanta ke kusantar digiri 40, cikin akwatin ƙarfe da ke tsaye a rana ya wuce nan. Batirin da aka ce zai yi shekara 4 sai ya mutu cikin ɗaya, a ɗora laifi a kan mai sayarwa. A yi wa akwatin rumfa, a sanyaya ɓangaren batir shi kaɗai, a kuma tabbata wayar auna zafi tana manne a jikin batir ɗin, ba a rataye take tana lilo ba. Ita ce ke gaya wa rektifaya ta rage volt idan zafi ya hau.

Kada a haɗa tsoho da sabo a jeri ɗaya. Tsohon zai ja sabon ƙasa. Gwajin gaskiya kuma a ƙarƙashin lodi ake yin sa: kashe wutar shigowa, bar batir ya ɗauki tasha minti 30 zuwa awa 1, sannan ka auna kowane ɗaya. Wanda ya yi ƙasa da 'yan'uwansa da rabin volt ko fiye, shi ne zai kayar da kai wata rana da tsakar dare. Auna batir yayin da rektifaya ke cika shi ba ya nuna komai, domin mataccen ma yana nuna volt 13 da wani abu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙara batir a manta da rektifaya. Batir 7 ɗin nan 700Ah ne. Idan za a cika su da amfiya 140, kilowat 7.5 ke nan, ga kuma 3 na kaya, 10.5 gaba ɗaya. Idan kowace rektifaya kilowat 3 ce, ana buƙatar 4, da ta biyar ta ko-ta-kwana. Da guda 2 kawai, batir zai daɗe bai cika ba, janareta kuma ba zai samu isasshen hutu ba, a yi ta mamakin ina man ke tafiya.

Duba matakan yankewa guda biyu da ke cikin akwatin rektifaya. Na farko yana sauke kayan rediyo idan volt ya faɗi, na biyu yana yanke komai don ceton batir, a kusan volt 43.2 idan na dalma ne. Kayan da ke miƙa sadarwa zuwa wasu tashoshi a matakin ƙarshe ake jona su. Idan aka jona su a na farko, tasha ɗaya ta uwa za ta faɗi ta ja 'ya'ya 10 ko 15 da man su da batirinsu lafiya ƙalau.

Janareta da shan mai

Janareta mai 20kVA kilowat 16 ne a takarda, kuma da tudun Kaduna na kusan mita 600 da zafin bazara, ba ya ba da hakan cikakke. Duk da haka matsalar da aka fi gani ita ce ƙarancin lodi. Injin da ke ja da kilowat 3 kawai dare da rana tamkar ɗaukar tirela ne don kai buhu ɗaya kasuwa. Yana shan wajen lita 2 a awa, lita 48 a rana, sama da 1,400 a wata. Ga kuma lahani: ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa, dizal ba ya ƙonewa sosai, baƙin ruwa mai danƙo ya riƙa fita ta salansa, nozul ta toshe, zobe ya kama.

Maganin shi ne a bar inji da batir su yi karɓa-karɓa. Inji ya tashi ya ja kilowat 10 ko 11, ya cika batir, ya mutu, batir ya ɗauka. A wannan lodi yana shan wajen lita 3.5 a awa, amma awa 8 kawai zai yi a rana: lita 28 maimakon 48. Ribar ta biyu ta fi ɓoyuwa. Ana yin juye ne duk awa 250 na aiki, baƙin mai da filtarsa da filtar dizal. Injin da ba ya mutuwa yana cika awa 250 cikin kwana 10; mai awa 8 sai bayan wata guda. Tafiya 3 ta koma 1.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kada a jira ranar juye kafin a duba filtar iska. Ƙurar hazo tana toshe ta cikin mako 2, inji ya riƙa baƙin hayaƙi yana ƙara shan mai. Lagireto ma ana hura shi daga ciki zuwa waje. Sannan ƙaramin batirin tayar da inji: sau da yawa tasha na faɗuwa da tanki cike saboda wannan batir ɗaya ya mutu, ko an cire cajarsa an jona wani abu.

Mai kuwa, kada a karɓe shi da ido. Ɗebi kaɗan a kwalba mai haske ka ajiye minti 15. Ruwa zai kwanta ƙasa. Nauyin dizal mai kyau tsakanin kilo 0.82 da 0.86 ne a lita. Idan ya yi ƙasa da haka an surka da kananzir, kuma famfon inji ne zai biya. A auna tanki da sanda kafin sauke mai da bayansa, a gaban mai gadi. A ƙarshen wata a jera abu uku: litar da aka zuba, awannin da inji ya yi, da yunit ɗin da rektifaya ta rubuta. Idan kowane yunit ya ci fiye da rabin lita a tashar da ke karɓa-karɓa, ko dai inji na ciwo ko wani na sha.

Wutar NEPA da sola

A Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, zuwa Naira 225 a yunit, daga baya aka ɗan sauke. Duk da haka ta fi dizal araha nesa: da lita ta haura Naira 1,000, yunit ɗaya daga injin da ke aiki da kyau ya wuce Naira 330, kafin a sa juye da tsufan inji. Saboda haka duk tashar da za a iya jona wa wutar Kaduna Electric a jona. Amma a jona da kariya. Rektifaya na karɓar wuta mai rauni, sai dai ƙasa da wajen volt 176 tana rage abin da take bayarwa, tasha ta riƙa cin batir alhali allo na nuna akwai wuta. A sa na'urar da ke lura da layuka ukun da ke kawo wutar NEPA, wadda ke yankewa idan ɗaya ya ɗauke ko wayar nutural ta tsinke, a kuma saita na'urar sauya wuta ta jira minti 2 zuwa 3 kafin ta koma NEPA, don kada ta yi ta kai-komo duk lokacin da aka ƙyafta wuta. Kuma kada a rage tanki don an samu NEPA. A Oktoba 2024 yawancin Arewa ta yi kwanaki a duhu bayan manyan layukan wuta sun samu matsala, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. A irin wannan mako kowa dizal yake nema lokaci guda.

Sola tana taimakawa, amma a yi lissafi kafin a yi alkawari. Tashar kilowat 3 tana cin yunit 72 a rana. Da awa 5 na rana mai ƙarfi da asarar da ba makawa, sai an kafa fanel 35 masu wat 550, kusan murabba'in mita 90. Yawancin filayen tasha a cikin gari ba su da wannan sarari, ga inuwar ƙarfen kansa. Fanel 10 zuwa 14 da za su ɗauki lodin tsakar rana sun fi zama gaskiya. A fuskantar da su kudu, a karkace digiri 10 zuwa 12. A Agusta gajimare zai rage su, da hunturu kuma ƙura. Wanke su duk mako aikin mai gadi ne idan an ba shi ruwa da ɗan hasafi.

Tsawa

Ruwan farko na Afrilu da Mayu da na ƙarshe a Oktoba su ke zuwa da tsawa mai ɓarna. Ƙarfe mai tsawon mita 40 ko 50 ba ya tsere mata. Abin da ake so shi ne ta samu hanyar shiga ƙasa ba ta cikin kaya ba. Yawancin kamfanoni suna neman awon turjiyar wayar da ke sauke tsawa cikin ƙasa kada ya wuce ohm 5. A ƙasar Kaduna mai marmara da dutse wannan ba wasa ba ne, kuma lokacin awo yana da muhimmanci: awon Agusta, da ƙasa ta jiƙe, ruɗi ne. A auna a Maris, da mita mai turaku uku, bayan an kwance wayar daga sauran kaya. Idan awo ya yi sama, a ƙara sanduna, tazarar kowace da 'yar'uwarta ta kai tsawon sandar, a cika ramin da yumɓun bentonait. Gishiri da gawayi suna sauke awo na 'yan watanni, sannan gishirin ya cinye jan ƙarfen.

Ƙarfe, shinge, janareta, tanki da akwatin kaya duk a ɗaure su a zobe ɗaya. Idan kowane da nasa rami daban, bambancin volt tsakaninsu ne ke ƙona kati. Duk ziyara a leƙa tagar na'urar kare tsawa: kore lafiya, ja ta riga ta mutu, tasha tsirara take. A kuma ja wayar ƙasa da hannu a gani. Ɓarayin jan ƙarfe sukan yanke ta daga ƙasa su bar guntun da ido ke gani a sama.

Layi: fayiba da faranti

Gwamnatin Jihar Kaduna ta yafe kuɗin izinin binne fayiba, wato wayar sadarwa mai zaren gilashi, a 2020, lokacin da ake ta fama da jihohi su sauko zuwa Naira 145 a kan kowace mita. Wannan ya sauƙaƙa shimfiɗawa, amma bai hana katafila yanka ba. Aikin titi, ginin magudana, gyaran bututun ruwa, su ne manyan abokan gabar fayiba, sai masu tono da ke zaton jan ƙarfe ne a ciki. A binne ta cikin bututun roba a zurfin mita 1 zuwa 1.2, a shimfiɗa jan ƙyallen gargaɗi kamar santimita 30 a samanta, a kafa alamun kankare. Ɗan kwangilar da ake biya a kan mita zai so ya tsaya a rabin mita inda ƙasa ta yi tauri. A auna zurfi kafin a rufe rami. Abin da ya fi alama aiki kuwa shi ne mutum: wanda ke bin hanyar a babur kullum, ya san shugaban masu aikin titi, yana da lambarsa, yana tsaye a wurin ranar da za a tona.

Ana cewa layi zobe ne idan yana da hanya biyu. A Kaduna a bincika wannan magana da kyau. Kogi ya raba gari biyu, gadoji kuma ƙalilan ne. Layi biyu da suka bi gada ɗaya ko rami ɗaya, ko da na kamfanoni daban-daban ne, layi ɗaya ne ranar da za a yanke. Nemi taswirar hanyar da ƙafa ta bi, ka ajiye zanen da ke kan kwamfuta.

Idan an yanke, na'urar OTDR, mai gano inda fayiba ta yanke, za ta ba ka nisa, amma nisan cikin gilashi ne, har da rarar da aka naɗe a kowane rami. Idan ba ka cire wannan rara ba, za ka tona mita 100 ko 200 gaba da wurin. Auna daga ɓangarorin biyu. Kowane haɗi kada asararsa ta wuce desibel 0.1. Layin da aka yi wa haɗin gaggawa sau da yawa yana tara asara har ya fara yanke-yanke ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A nan sai a sauya tsawon gaba ɗaya.

Tashoshin da ba fayiba suna magana da juna ta faranti, wato eriya mai siffar faranti da ke harba sigina ta iska zuwa 'yar'uwarta. Mai gigahaz 7 ko 8 na dogon zango ne, 15 zuwa 23 na matsakaici da gajere, na 80 kuma kilomita 1 zuwa 3, ruwan sama mai ƙarfi na iya kashe shi. Rubuta ƙarfin siginar da aka samu ranar girkawa a jikin akwatin. Idan ya ragu da desibel 3 ko fiye kuma bai dawo ba bayan ruwa ya ɗauke, iska ta goce da faranti, ko ruwa ya shiga mahaɗi. Idan raguwar a hankali take, shekara bayan shekara, nemi bishiya ko sabon bene. Ganin ɗaya farantin da ido bai isa ba: a zangon kilomita 10 da gigahaz 15, sai an samu sararin fiye da mita 4 a kewayen layin a tsakiyar hanya. Darbejiya da mangwaro ba sa jiran izini, haka ma gine-ginen da ke tashi a Millennium City. Dogon zango da ke rawa da asuba lokacin hunturu ya daidaita da hantsi kuwa, yanayin iska ne. Kada a hau a kwance noti.

Wani lokaci kuma matsalar ba ta kusa ba ce. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi nauyi a ko'ina alhali tashoshi lafiya suke. Idan kira na shiga, ƙararrawa shiru, amma gari duka na kuka da data, kira cibiyar da ke sa ido a kan tashoshi kafin ka ƙona mai.

Sabis cike, amma ba ya tafiya

Sandunan da ke kan allon waya ƙarfi kawai suke nunawa. Awo biyu ake dubawa a 4G: RSRP, ƙarfin sigina, inda -80 ya yi kyau, -110 kuma bakin iyaka ne, da SINR, tsabtarta, inda sama da 13 ya yi kyau, kusa da sifili kuma hayaniya ce. Ƙarfi mai kyau da tsabta mara kyau na nufin eriyoyi na taka juna. Sau da yawa wata doguwar tasha ce a kan tudu ke harbawa har cikin yankin wasu. A ƙara sunkuyar da eriyarta digiri 1 ko 2, a auna, kafin a ƙara. Idan duka biyun lafiya amma ba gudu, cunkoso ne. Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi cunkosonta na rana ne, Tudun Wada da Rigasa na dare, Samaru kuma yana bin zangon karatun ABU. Ɓangaren tasha, wato fuskar da eriya ɗaya ke kallo, da ke wuce kashi 80 na ƙarfinsa kullum a lokacin cunkoso ba saiti zai gyara shi ba, sai ƙarin zangon mitar rediyo ko sabuwar tasha. Kafin nan a tabbata layin da ke bayan tashar ba shi ne ya cika ba. An sha ƙara rediyo a kan farantin da tuni ya shaƙe.

Zangon mita na megahaz 800 da 900 na tafiya nesa yana ratsa bango. Na 2600, da na 3500 da 5G ke amfani da shi, suna ɗaukar kaya da yawa amma ba sa nisa. Ƙauye na farkon yake so, kasuwa na biyun.

Ƙararrawar VSWR, awon siginar da ke komowa baya daga eriya, da ta haura 1.5 bayan ruwan sama kusan kullum mahaɗi ne da ba a naɗe shi da kyau ba. Sai kuma 'yar na'urar ƙara sabis da mutane ke saye su kafa a gida ko shago. Mara inganci tana mayar da hayaniya cikin tasha ta kurmantar da ɓangare guda, kowa a unguwar kiransa ya riƙa yankewa. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta hana amfani da su ba izini. Alamarta ita ce hayaniya a hanyar dawowa daga waya zuwa tasha, a ɓangare ɗaya, wadda ke ɓacewa idan NEPA ta ɗauke a unguwar.

Gadi, fili da takardu

Batir, dizal da jan ƙarfe su ake sata. Litiyom mai kulle na ciki, wanda ke daina aiki idan an raba shi da tasharsa, ya rage kwaɗayi, haka ma kejin ƙarfe da na'urar auna mai daga nesa. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, abin da ke ba ka madogara idan ka kai ƙara. Amma mai gadin da ya yi wata 3 ba albashi yana zaune kusa da lita 1,000 na dizal, ba na'urar da za ta gyara wannan. A ɗauki ɗan unguwa ta hannun mai unguwa, a biya shi a kan kari.

Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021 an rufe sabis a wasu sassan jihar saboda tsaro. Duk tashar da ta yi irin wannan zama a kashe, ko da wane dalili, ba a tayar da ita da danna maɓalli. A zubar da ruwan da ya taru a gindin tanki, a sauya filta, a duba gidan ɓera da zanzaro a cikin akwati, a auna wayar ƙasa, a cika batir shi kaɗai kafin a ɗora kaya. Batirin dalma da ya zauna fanko tsawon haka da wuya ya dawo.

Sabuwar tasha na buƙatar izinin hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, da na hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, a kan tsawo, wanda ba a wasa da shi a garin da ke da filin jirgi da sansanin sojan sama, ga kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya. Hukumar kare muhalli, NESREA, na neman tazara tsakanin ƙarfe da gidajen mutane. A tantance takardar fili a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha. Idan filin gado ne, duk magada su sa hannu. Yarjejeniyar shekara 10 da ɗa ɗaya ya sa wa hannu takan ƙare da kwaɗo a ƙofa. A rubuta hanyar shigar motar mai, dare da rana, a cikin yarjejeniyar.

Lissafin ɗan kwangila

Kamfanonin waya da Naira suke karɓar kuɗi, kaya kuma da Dala ake saye. Bayan an saki Naira a Yuni 2023, Dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, alhali kuɗin kira bai motsa ba tun 2013 sai a Janairu 2025 da NCC ta amince da ƙarin kashi 50. Matsin nan gangarowa yake, kuma a kan ƙaramin ɗan kwangila yake tsayawa. Don haka kada ka sa hannu a kan tsayayyen farashin dizal na shekara. A ɗaure shi da farashin depo na ranar saye. Ka tambayi kwana nawa ake biya bayan ka miƙa takarda. Idan 60 ne ko 90, kana buƙatar jarin wata 3 na albashi, mai da filta kafin kobo ya shigo, kuma a nan ne yawancin sababbi ke karyewa, su fara tsallake juye.

Kada ka karɓi kuɗi ɗaya a kan tashar Unguwar Rimi da ta bayan Kachia. Lissafa kowace da nisanta, da halin hanyarta a Agusta, da kuɗin rakiya. Ajiye rektifaya 2, batirin tayar da inji, fambel, filtoci da na'urar kare tsawa a Zariya da Kafanchan idan tashoshinka sun kai can, maimakon komai ya taso daga Kaduna.

Sannan sashen yarjejeniya da ya shafi cin tara. A rubuta ƙarara cewa ba a cire maka kuɗi a kan faɗuwar da ta zo daga yankewar fayiba, ko faɗuwar tashar uwa da ba taka ba, ko rufewar hukuma, ko hana shiga saboda tsaro ko rikicin mai fili. Rubutun kaɗai bai isa ba, domin a zaman lissafin ƙarshen wata wanda ke da shaida shi ke cin magana. Kowace faɗuwa a buɗe mata lamba a cibiya, a rubuta lokacin da ƙararrawa ta shigo, lokacin isa da lokacin tashi, a ɗauki hoton allon rektifaya da mitar awannin inji da sandar tanki, kowanne da kwanan wata a jikinsa.